Harafi ɗaya da na ƙi koya a Gwanzu

Ɗan ƙanina ne zai fara zuwa Chana saro kaya, ya zo yi min sallama a shago, nace masa to ya maganar yare, sai ya ɗaga waya yace Baba ai yanzu an wuce wajen, kamara kawai zaka haska a takarda ta fassara maka, in zaka yi rubutu kuma ka danna da boko haruffan su fito da kansu. Raina ya ɓaci sosai, don irin maganar da na yi kenan da bakina lokacin da na fara zuwa Gwanzu, babban birnin kasuwanci a Chana.

Ni a lokacin kunne na dogara da shi. Na iya ƙirga, na iya ciniki, ina shiga kasuwannin Sanyuanli ina fita ba tafinta, har yan uwa na Kwari suna cewa in raka su. Rubutun kuwa nace wannan zane ne, ba zan zauna ina zana gida da bishiya da girmana ba. Kuma a gaskiya ina da uzuri, biza gajera ce, kuɗin otal na tafiya, kwantena na jira, ina mutum zai samu lokacin zama da biro? Har yau in na tuna sai in ga kamar ba laifina bane duka. Amma dai ni na sa hannu a takardar.

Takalma na bada oda a wata masana'anta, na ajiye kafin alƙalami mai nauyi. Na riga naji a bakin mutane cewa in ka bada "dingjin", wato kafin alƙalami da yarensu, mai kaya ya saɓa, doka tace ya maido maka ninki biyu, kai kuma in ka fasa kuɗinka sun tafi. Gaskiya ne, haka dokarsu take, har ma ta ƙayyade kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin cinikin. Abinda ban sani ba shine dingjin ɗin biyu ne, furuci ɗaya sak, har karin sautin ɗaya. Akwai 定金 akwai 订金. Na farkon shine mai ɗaure mutum, harafinsa 定 zane takwas ne da ɗan rufi a samansa. Na biyun 订 zane huɗu ne kacal, shi kuɗin somin taɓi ne kawai, in ciniki ya lalace a baka abinka ba ƙari. Mai masana'antar 订金 ɗin ya rubuta min a rasit, ina kallonsa yana rubutawa, na gyaɗa kai. Kaya basu fito ba har sallah ta wuce, ya samu wanda ya fi ni farashi ya sayar masa, da ƙyar aka maido min uwar kuɗina, kasuwar shekarar ta tafi, waɗanda suka bani kuɗinsu na sha kunya a gabansu.

Bayan nan ne na sayi littafin yaransu na firamare mai gida-gida, kowane gida an raba shi huɗu, na zauna ina jan 定 da daddare. Ashe abin da ƙa'ida, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, na kwance kafin na tsaye, in ka karya tsarin harafin sai ya fito a karkace kuma ba zai zauna maka a kai ba. Kamar dai allo ne, abinda hannunka ya rubuta ya wanke ya sake rubutawa shi yake zama. Daga nan idona ya buɗe na fara ganin 买 saye ne, 卖 sayarwa ne, ɗan gicciye a sama ne ya raba su.

Na so in jero muku shawarwari da yawa amma ku yaran yanzu ba karantawa zakuyi ba, mutum na maka magana kana latsa waya. Ka koyi rubutawa da hannunka, shikenan. Wayar da kake taƙama da ita in ka danna ding jerin haruffa zata kawo maka, kai zaka zaɓa, kuma wanda bai sani ba na farko yake dannawa. Fassararta ma sau da yawa duka biyun kafin alƙalami zata ce maka.

Ban ce ka haddace haruffa 3500 ɗin da suke cewa sune na yau da kullum ba, su kansu Sinawa waya tasa suna manta yadda ake rubuta wasu, kai ɗan kasuwa ne, ka riƙe na rasit, na lamba, na kwali da dozin, ka nemi tafinta mai amana sauran. Kodayake tafintan ma kar ka sakar masa jiki, wani da mai masana'antar yake cin kamisho. In za'a rubuta kafin alƙalami ka karɓi biron ka rubuta 定 da kanka, mai kayan ya buga hatiminsa ja a kai, in yaƙi ka ɗauki kuɗinka ka fita.