Jan haske a ƙwaƙwalwar ɓera bai isa shaida ba

Ɗalibin da ya taso daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya je ƙaro ilimi a ɗakin binciken jijiyoyi, abin da ke fara ɗauke masa hankali shi ne yankin ƙwaƙwalwar ɓera a ƙarƙashin mikroskob: ɗigo-ɗigon ja kamar garwashi a cikin toka. Ƙwayoyin jijiya ne masu taka birki, masu sakin GABA, sinadarin da ke rage aikin sauran ƙwayoyin jijiya, kimanin ɗaya cikin biyar na ƙwayoyin jijiyar ɓawon ƙwaƙwalwa. Ba shafa musu launin aka yi ba, gadonsa ɓeran ya yi.

Tsohuwar hanya ita ce ɓeran GAD67-GFP na shekarar 2003, mai haske kore. An dasa GFP ne, furotin mai ba da koren haske, a gurbin kwafi ɗaya na GAD67, ƙwayar gadon da ke sa a haɗa GABA, don haka GABA kan ragu a ƙwaƙwalwarsa. In aka haɗa mace da namiji masu ɗauke da shi, ɗan da ya gaji kwafi biyu yakan mutu jim kaɗan da haihuwa, ganɗarsa a tsage. Shi ya sa kullum da ɓera na asali ake haɗa shi.

Yau an fi bin hanyar Cre, wani furotin da ke yanke shingen DNA da ya hana launi kunnuwa. A haɗa ɓeran PV-Cre, SST-Cre ko VIP-Cre (PV, SST da VIP furotin ne da ke bambanta gidajen ƙwayoyin birki) da ɓeran Ai14 mai ɗauke da jan launin a kulle, a yaye ƴaƴan a kwana 21, a ɗan yanki kunne a tantance da gwajin DNA na PCR. Duk ƙwayar da Cre ya taɓa aiki a cikinta sai ta kunna tdTomato, furotin mai jan haske, kuma ta kunna ke nan har ɓeran ya mutu. A nan ake yawan yin kuskure. Jan yana nuna abin da ƙwayar ta taɓa yi ne, ko da na kwana biyu ne tun ɓeran yana ciki. An samu cewa kusan kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na ƙwayoyin da SST-Cre ke haskawa a ɓawon ƙwaƙwalwa ƴan gidan PV ne. PV kuwa sai a mako na biyu bayan haihuwa yake fitowa, wanda ya yanka ƙwaƙwalwa a kwana 10 zai ga fayau ya ɗauka irin ne ya lalace. In kuma aka ga ɗan ɓera ja tun daga kunne har wutsiya, Cre ya yi aiki a maniyyi ko ƙwan iyayensa ne, a cire shi daga lissafi.

Maganin abin shi ne rini na biyu. A wanke jini ta zuciya da ruwan gishiri na PBS, a bi da farafomaldehid kashi 4 mai ƙandarar da nama, a jiƙa ƙwaƙwalwar a ruwan sukari kashi 30 har ta nutse, a yanka kaurin mikron 40, a sa antikor mai launi kore, wato furotin da ke manne wa PV ko SST. Sannan a ƙirga ta fuska biyu: jajaye nawa ne suka kama koren, koraye nawa ne ke da ja. Tsohon ɓera yana da ɗigon lipofusin, dattin da ke taruwa cikin ƙwayoyi da tsufa, masu haske a kowane launi, sukan ruɗi sabon hannu.

Mai tunanin kiwon irin waɗannan ɓeraye a Damagaram ya fara da lissafin zafi. Ɗakinsu digiri 20 zuwa 24 yake so, alhali a Afrilu garin kan haura 40, kuma in kuran ya ɗauke ɗakin ya yi zafi, haihuwa kan ja baya. Yankakkun ƙwaƙwalwar kuwa a firigo ake ajiye su, digiri 4, a naɗe cikin takardar alminiyom, domin haske na cinye launin.