Karkarwar birkin gaba a babur: abin da aikin gareji ya koyar

Mai babur yakan iso gareji da hukuncinsa a baki: da ya matsa birkin gaba sai kan babur ya ɗauki karkarwa, hannun birki yana dukan yatsunsa, saboda haka faifai, wato farantin ƙarfen da birki ke kamawa a jikin taya, ya lanƙwashe, a sauya masa. Makaniken da ya daɗe a wannan aiki ba ya saurin ɗaukar sifana. Ya sha ganin an ɗaura sabon faifai, bayan wata biyu karkarwar ta dawo, domin abin da ya lalata na farkon yana nan ba a taɓa shi ba.

Cuta biyu ce mutane ke haɗawa wuri ɗaya. Akwai faifan da ke layi hagu da dama idan taya tana juyawa, akwai kuma wanda yake a miƙe amma kaurinsa bai yi daidai ba a kewayensa. Na biyun shi ya fi yawan kawo bugun da ake ji a yatsu. Duk lokacin da wurin da ya fi kauri ya ratsa tsakanin takalman birki, sai ya tura fistin baya, fistin ya tura mai, man ya tura hannun birki. Bambancin milimita 0.02 zuwa 0.03 ya isa a ji shi, alhali ido ba zai taɓa ganinsa ba. Layin kuwa, idan ɗan kaɗan ne, kalifa, wato gidan da ke riƙe da takalman birki da fistin, tana iya shanye shi. Illarsa a hankali take zuwa: wurin da ya turo yana gogar takalmi a kowane zagaye ko ba a taɓa birki ba, har ya cinye, kaurin ya bambanta. Ke nan cuta ta farko ita ke haifar da ta biyu.

Kafin awo, a hau babur ɗin. Tayar gaba mai inci 17 tana juyawa kusan sau 9 a daƙiƙa ɗaya a gudun kilomita 60, kusan sau 3 a gudun kilomita 20. Idan matsalar daga faifai take, bugun yana bin wannan lissafi, yana raguwa yayin da gudu ke raguwa, har a iya ƙirga shi dab da tsayawa. Karkarwar da ke nan ko ba a matsa birki ba, daga taya take ko rim. "Ƙas" guda ɗaya da ake ji da zarar an danne birki yawanci boris ɗin wuya ne ya saki. A babur mai ABS kuma, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa yayin birki, bugun da ke zuwa lokacin birki mai ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi aikin na'urar ne, ba lalacewa ba.

Sai a ɗaga gaban babur. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, domin boris ɗin taya da ya ci zai sa lafiyayyen faifai ya yi ta layi, kuma awon da aka yi a kansa ƙarya ne. Daga nan a kafa agogon awo a jikin ƙafar shokozoba, bakinsa yana taɓa faifai kusa da gefen waje, a juya taya sannu a hankali. Iyakar da kamfanoni ke bayarwa ta bambanta: wasu milimita 0.1 ko 0.15, wasu har 0.3, don haka littafin babur ɗin ne mai raba gardama. Kauri kuma da maikiromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ake auna shi a wuri 6 ko 8, nisa ɗaya daga baki, ana kauce wa ramuka da kuma ɗan tudun da ke fitowa a gefen tsohon faifai. A jikin faifan kansa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Wanda ya zo da 4.5 galibi 4.0 ne iyakarsa.

Idan agogo ya nuna layi, har yanzu ba a kama faifai da laifi ba. A yi wa wurin da ya fi tudu alama, a kwance faifan, a duba inda yake zama a jikin cibiyar taya. Tsatsa, ɓurɓushin fenti, busasshen gam ɗin noti ko ƙwayar yashi guda ɗaya a nan tana karkatar da shi, kuma ɗan karkacen da ke tsakiya yana ninkuwa kafin ya kai bakin faifai. A goge wurin fes, a juya faifan zuwa wasu ramukan a sake ɗaurawa. Tudun ya bi faifai? Faifan ne. Ya tsaya inda yake? Cibiyar taya ce. Ɗaurin ma yana da ƙa'ida: ana tsallake-tsallake, wannan noti sai kishiyarsa, a hawa biyu ko uku, da sifana mai awon ƙarfi. Yaron gareji da ya ɗaure noti ɗaya tamau kafin ya taɓa sauran ya riga ya karkatar da faifan da hannunsa.

Yawancin faifan da ya lanƙwashe da gaske dukan da ya sha ne ya lanƙwasa shi, ba zafi ba. Faifan babur siriri ne, milimita 4 zuwa 5 na ƙarfen da ba ya tsatsa, ba irin katon faifan mota ba. Wurin mai faci ne ya fi shan wahala: a kwantar da taya a ƙasa faifai na ƙasa, a taka, a danna ƙarfen cire taya. Katako biyu a ƙarƙashin rim sun isa su hana wannan. Akwai kuma wanda ya manta da kwaɗon da ya sa wa faifai ya ja babur, da wanda ya faɗi ta ɓangaren birki.

Zafi yana da nasa rabon, amma ta ƙofar kalifa yake shigowa. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna taruwa a jikin fistin da sandunan da kalifa ke zamewa a kai, sai takalmi ya ƙi sakin faifai. Haka nan idan ƙaramin ramin da mai ke komawa ta cikinsa a tukunyar man birki ya toshe, ko aka sa hannun birki na kasuwa wanda ba ya barin fistin ya koma ƙarshe. Alamar a fili take: taya ba ta juyawa sakayau idan an ɗaga ta, faifai ya yi shuɗi-shuɗi, takalmi ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. Irin wannan faifan yakan lotsa kamar faranti, kuma ƙarfen awo miƙaƙƙe da aka ɗora a kansa zai nuna. Gyaran shi ne wanke fistin, sauya roba idan ta kumbura, shafa giris ɗin da ba ya cin roba a sandunan, da sauya man birki duk shekara 2, nau'in DOT 3 ko DOT 4 gwargwadon abin da aka rubuta a murfi.

Wani abin da ake yawan ɗauka lanƙwasa ce shi ne shafen takalmi. Takalmin birki yana barin siririn shafe a fuskar faifai, kuma haka ake so, muddin ya bazu daidai. Idan mutum ya yi birki mai tsanani daga babban gudu ya tsaya cak yana riƙe da hannun birki, takalmi mai zafi yana manna hotonsa a wuri ɗaya. Wurin zai riƙa kamawa fiye da sauran. Man shokozoba da ke yoyo yana gangarowa kan faifai ma haka yake yi. Wannan kam ba ya buƙatar sabon faifai: a goge fuska biyun da samfefa mai matsakaicin kaushi, a wanke da maganin wanke birki, a gyara yoyon, a zubar da takalmin da ya sha mai. Sannan a zaunar da sabon takalmi: birki matsakaici kamar sau 10 daga gudun kilomita 60 zuwa 15 ba tare da tsayawa ba, sai a yi tafiya ta 'yan mintuna faifai ya huce.

Manyan babura masu faifai ɓangare biyu suna da ƙananan maɓallai da ke haɗa zoben waje da na ciki, don zoben ya samu wurin buɗewa idan ya yi zafi. Idan datti ya daskarar da su, faifai ba ya iya daidaita kansa. Wankewa da jujjuya su ɗaya bayan ɗaya yakan kashe karkarwar.

Baburan haya irin su Bajaj Boxer da suka cika titunanmu birkin ganga gare su a gaba, amma su ma suna wannan bugun idan gangar ta daina zama da'ira, sau da yawa saboda an ja wayoyin rim wani ɓangare fiye da wani. A can mai ɗaurin rim ake fara nema.

Faifan da ya wuce iyaka kuwa sauya shi ake yi, tare da sabbin takalma. Buga shi da guduma ko kai shi wurin mai injin sassaƙar ƙarfe ba ya ɗorewa, domin rabin milimita kacal ke tsakanin sabo da wanda ya ƙare, kuma abin da aka rage masa na kauri shi ne abin da zai shanye zafi da shi a birki na gaba.