Digirin koyar da fasaha: abin da ake koya a wokshof da abin da aji ke buƙata

Duk wanda ya taɓa duba ɗaliban jami'a da aka tura koyon aikin koyarwa a ƙaramar sakandare ya san wannan yanayin. Yara sittin a aji, darasin makon shi ne yanka ƙarfe da zarto, zartuna uku ne kacal a ɗakin ajiya, ɗaya ma ruwansa ya karye. Ɗalibin da ya ci makin ƙoli a lissafin injiniya sai ka gan shi ya juya baya yana zana zarto a allo, yara suna kwafa, har a buga ƙararrawa babu wanda ya taɓa ƙarfe. A irin wannan rana ce ake gane ko shekarun da mutum ya yi a jami'a sun shiga hannunsa.

Digirin koyar da fasaha, wanda ke horar da malaman fasaha, ana yin sa a wurare irin su Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola. A jami'o'in fasaha shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Mai NCE daga kwalejojin ilimi na fasaha, kamar na Bichi da Gombe da Potiskum da Gusau, yana shiga kai tsaye ya tsallake shekarar farko. Ana neman kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks, kuma ana karɓar takardar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, ta waɗanda suka fito daga kwalejin fasaha. Bayan darussan gama-gari, ɗalibi zai zaɓi fanni ɗaya daga cikin biyar: mota, gini, lantarki, ƙarfe, ko katako.

Kuskuren farko a wajen zaɓin fannin nan yake faruwa. Da zarar mutum ya ce shi ɗan lantarki ne, sai ya riƙa halartar wokshof ɗin katako da na gini don sa hannu a takardar halarta kawai. Alhali mafi yawan waɗanda suka gama, ƙaramar sakandare za a kai su, inda darasin fasaha guda ɗaya ya haɗa komai: zane, katako, ƙarfe, lantarki, gini, da kula da injuna. Malami ɗaya ne zai koyar da su duka. Ɗan lantarkin da bai san cewa kaurin harshen da ake sassaƙawa don ya shiga rami a haɗin katako kashi ɗaya ne cikin uku na kaurin katakon ba, zai sa yara su yi shi siriri ya karye, ko su yi shi da kauri ya tsaga gefen ramin. Shekaru biyun farko, lokacin da ake zagaya dukkan wokshof, sun fi kowane lokaci daraja a digirin, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Zanen fasaha kuwa, wanda ɗalibai ke kira TD, shi ne ya fi kayar da mutane, kuma ba wahalar tunani ce ke kayar da su ba. Allon da gefensa ya ci ba zai ba da miƙaƙƙen layi ba komai kyan ma'aunin da aka jingina masa. Fensir 2H na layukan shimfiɗa ne, masu haske, HB ko H kuma na fito da ainihin siffa; wanda ya yi komai da fensir ɗaya, zanensa zai zama tarin layuka da ba a san na ɗauka da na bari ba. Sai kuma ruɗanin tsarin kusurwa ta farko da ta uku. A tsarin farko, abin da aka hango daga sama ana zana shi a ƙarƙashin fuskar gaba, a tsari na uku kuma a samanta. Wanda ya haddace wannan ba tare da ya ɗauki kwalin ashana ya jujjuya shi ya gani da idonsa ba, zai manta bayan jarrabawa, kuma ba zai iya nuna wa yaro ɗan shekara 12 dalilinsa ba.

A wokshof ɗin ƙarfe ne aka fi ganin bambanci tsakanin wanda ya iya da wanda ya san dalili. Mai walda na bakin titi ya fi yawancin ɗaliban jami'a tsaftar ɗinki, wannan ba abin musu ba ne. Amma malami dole ya iya faɗin abin da ke faruwa. Sandar walda E6013 mai kaurin milimita 2.5 tana son wuta mai ƙarfin amfiya 70 zuwa 90, mai 3.2 kuma daga 90 zuwa kamar 130. In wuta ta yi ƙasa, sanda za ta riƙa mannewa, narkakken ƙarfe ya taru a sama bai shiga ciki ba. In ta yi yawa, tartsatsi zai yawaita, gefen ɗinki ya zaizaye, siririn ƙarfe ya huje. Tazarar bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin sandar kanta. Sandunan da suka kwana a ɗakin ajiya mai danshi da damina suna barin ƙananan ramuka a cikin ɗinki, sai yaro ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba. Malamin da ya dubi ɗinki ya ce "rage wuta" ko "matso da hannu" ya koyar da wani abu. Wanda ya ce "sake yi" kawai ya ɓarnatar da sanda.

Haka yake a injin sassaƙar ƙarfe. Da wuƙar ƙarfe ta gama-gari, ƙarfe mai laushi yana son gudun yanka na kamar mita 30 a minti ɗaya. Sandar da kaurinta milimita 25 ne za ta juya sau 380 ko kusa da haka a minti, mai milimita 50 kuma rabin wannan. Wanda ya bar injin a gudu ɗaya ga kowane kauri zai ga bakin wuƙa ya yi shuɗi ya dushe. Wajen fitar da zaren da ake murɗa noti a kansa ma, ramin noti M10, wato mai kaurin zare milimita 10, da abin huda mai kaurin milimita 8.5 ake huda shi, na M8 da 6.8. In ramin ya yi ƙanƙanta, abin yanka zaren zai karye a ciki, kuma cire shi aikin yini ne. Ko zarton hannu yana da ƙa'idarsa: haƙora su dubi gaba, a danna a tafiya a saki a dawowa, kuma a ƙalla haƙora uku su kasance kan ƙarfe a lokaci guda. Shi ya sa siririn bututu ke tsinke haƙoran zarto mai manyan haƙora.

Game da kiyaye haɗari, akwai abin da jami'a ke koyarwa a takarda amma sai an mayar da shi ɗabi'a. Babba ya san ya cire mukullin ɗaure ƙarfe daga bakin injin kafin ya kunna. Yaro bai sani ba, kuma mukullin da aka manta yana fita da ƙarfi kamar an harba shi. Babbar riga, da hannun riga mai faɗi, da bakin hijabi da ke lilo, duk injin da ke juyawa yana iya kama su, saboda haka dole malami ya tsara yadda 'yan mata za su tusa hijabi cikin rigar aiki maimakon ya ce su koma gefe su yi kallo. Masu kallon walda daga nesa babu gilashi su ne ke kwana da ido kamar an zuba musu yashi. A batirin mota, wayar da ke haɗe da jikin mota ake fara cirewa, ita kuma ake mayarwa a ƙarshe, don kada sifana ta tayar da tartsatsi in ta taɓa jikin motar. Mitar awon wuta da aka bari a wurin auna amfiya aka sa a soket, nan take fis ɗinta zai ƙone, in an yi sa'a ke nan.

Wata 6 na koyon aiki a masana'antu, wato SIWES da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ke kula da shi, shi ne damar da ba ta dawowa. Da yawa suna neman ofis mai sanyi inda za a sa musu hannu a littafi. Wanda ya tafi gareji na gaske, ko wurin gini, ko kamfanin haɗa sola, zai dawo da abin da littafi bai faɗa ba. A aji an ce masa kankare awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A wurin gini ne zai ga yadda leburori ke ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin zubawa, da yadda hakan ke rage ƙarfin kankare, da dalilin da ya sa ake shayar da shi ruwa na a ƙalla kwana 7. Zai kuma koyi sunayen da masu sana'a ke kiran kaya da su, waɗanda da su yaran ajinsa za su fi saurin ganewa.

Darussan ilimi, irin su halayyar ɗan Adam da dabarun koyarwa da auna fahimta, ɗaliban fasaha sun saba raina su. Amma su ne ke amsa tambayar yara sittin da zartuna uku. Darasin aiki yana buƙatar firiyod biyu a haɗe, kamar minti 80. Minti 10 na farko malami ya yi aikin da hannunsa a gabansu sau biyu, na farko da saurin da aka saba, na biyu a hankali yana faɗin kowane mataki, yara suna tsaye ta gefen da suke ganin hannunsa yadda za su ga nasu. Sannan a kasa su rukuni-rukuni: wasu na awo da sa alama, wasu na yanka, wasu na gyaran baki da magagari, wasu na zana abin da ake ƙerawa, ana musanya bayan kowane minti 15. A bar minti 10 na ƙarshe don ƙirga kayan aiki da shara. In ba a ƙirga a gaban yara ba, kafin ƙarshen zango filaya da sukudireba sun ƙare.

Lissafin kaya ma aikin malami ne, kuma ba kasafai ake koyar da shi yadda ya kamata ba. In kowane yaro zai samu guntun ƙarfe mai tsawon milimita 120, sandar mita 6 za ta ba da guntaye 49 bayan an cire abin da zarto ke ci, saboda haka aji mai yara 60 na buƙatar sanduna biyu, ragowar ta maye gurbin waɗanda aka ɓata. Shugaban makaranta ya fi sakin kuɗi ga malamin da ya kawo masa irin wannan lissafin a rubuce da farashi, a kan wanda ya ce "ba mu da kayan aiki".

Tarihi ya nuna dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Lokacin da aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen gabashin Turai ta rarraba wa makarantu. Da yawa sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu ginin wokshof, babu malamin da ya iya haɗa su. Har yau wanda aka tura tsohuwar makarantar gwamnati yana iya tarar da ragowarsu a ɗakin da aka kulle. Ya kamata aikin farko na sabon malami, tun kafin ya kammala rajistarsa da hukumar rajistar malamai ta TRCN, ya zama buɗe wannan ɗakin tare da mai kula da ajiya, a rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, a ware mai aiki da mai buƙatar gyara. Injin huda da ya yi shekaru a ajiye sau da yawa bel kawai yake buƙata, da kananzir a wanke tsatsa, da ɗan man shafawa.