Ƙari a kan siririn ƙashin ƙwauri: kuskuren da na yi a shekarata ta biyu

A shekarata ta biyu ta samun horo a sashen ƙashi, an kawo wani saurayi ɗan shekara 17 wanda ƙafarsa ta hagu ke jan ƙasa idan yana tafiya, domin ba ya iya ɗaga yatsun sawunsa sama. Nan take hankalina ya tafi ga ƙashin baya, har na rubuta a ɗauki hotonsa. Babban likitan da nake ƙarƙashinsa ya karanta takardar bai ce uffan ba, sai ya tsuguna, ya naɗe wandon yaron, ya danna gefen waje na gwiwar, ƙasa kaɗan, inda kan siririn ƙashin ƙwauri yake, wanda ake kira fibula. Yaron ya zabura. Akwai kumburi mai tauri a wurin, ni kuwa ko duba shi ban yi ba.

Dalilin sakacina shi ne abin da na haddace: cikin ƙarin da ke farawa daga ƙashi kansa, ba wanda ya yaɗu daga wata gaɓa ba, kusan kashi 2.5 cikin 100 ne kawai ke fitowa a wannan ƙashi. Ostiyosakoma, wani nau'in ciwon dajin ƙashi, alal misali, ta fi son ƙarshen ƙashin cinya da saman babban ƙashin ƙwauri. Abin da ban riƙe ba shi ne rabin zancen na biyu, wato idan ƙari ya zo fibula, ya fi zama a samanta kusa da gwiwa, tsakiya da ƙasa wajen idon sawu kuwa ba su cika samunsa ba, ko da yake sakomar Ewing, wani ciwon dajin ƙashi na daban, takan kama tsakiyar dogayen ƙasusuwa. A daidai wuyan ƙashin nan kuma jijiyar da ke ɗaga sawu take zagayawa, fata kawai ta rufe ta, saboda haka ƙari ƙarami ma yana iya danne ta.

Ba duk ƙarin wurin ne ciwon daji ba. Ostiyokondroma, wato tsiron ƙashi mai guringuntsi a kai, da wanda ake kira ƙarin manyan ƙwayoyi suna yawan fitowa a nan. Na yaron nan dai gwajin tsoka ya nuna ostiyosakoma ce.

A ɗakin tiyata na fahimci wahalar wurin. Cire ƙashin kansa ba shi ne matsala ba, tunda nauyin da yake ɗauka kaɗan ne, har ana ciro shi a dasa a wani sashe na jiki. Maƙwabtansa ne abin tsoro: jijiyar, da jijiyar jini ta gaban ƙwauri, da igiyar da ke riƙe gwiwa ta waje. Wani likitan tiyata mai suna Malawer ya bayyana hanyoyi biyu na cire ƙarin a 1984, ɗaya tana tsira da jijiyar, ɗayar kuma tana tafiya da ita tare da tsokar da ke kewaye. Bayan maganin kashe ƙwayoyin daji, ta biyun aka yi masa, sannan aka ɗinke igiyar gwiwar a jikin babban ƙashin.

Da ya dawo duba bayan wasu watanni yana sanye da abin tallafar sawu a cikin takalminsa, gwiwar ba ta lilo, kuma ni aka ba aikin naɗe wandon.