Katangar dutse ba siminti: me ya sa take tsayawa, me ke kayar da ita

Duk wanda ya bi hanyar Ɗa'ifa zuwa Baha a ƙasar Saudiyya, ko ya gangara har duwatsun Faifa a yankin Jizan, ya ga gonaki hawa-hawa a jikin tsauni, kowace da katangarta ta dutse tsura. Babu siminti, babu laka. A kan irinsu ake noman gahawar Khaulani. 'Yan uwanmu na Sudan sun san makamantansu a Jabal Marra, a can Najeriya kuma akwai na Sukur a jihar Adamawa, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Sana'ar kanta hukumar ta karrama ta a 2018, da sunan ƙasashen Turai takwas, ciki har da Faransa da Italiya da Girka.

Yawancin maginanmu a Makka da Jidda bulo suka sani, shi ya sa in an ba su aikin katangar gona a kan tudu sai su ɗauko siminti. Matsalar ruwa ce. Ruwan tsaunukan nan ba ya sallama, a sa'a guda sai ya jiƙe ƙasar da ke bayan katanga, ta yi nauyi, ta fara turi. Bangon siminti yana tare ruwan har ya tsage ko ya kife gaba ɗaya. Katangar dutse kuwa ruwan yana tsiyayewa ta tsakanin duwatsu, ƙasar ta zauna. In tushe ya ɗan motsa, duwatsun su gyara zama, su ƙara cije juna.

A fara da tushe. A haƙa rami zurfin santimita 15 zuwa 20, ko har a iske ƙasa mai tauri, a daddaɓe shi. Faɗin gindi ya kai rabin tsayin katangar: mai tsayin mita ɗaya tana son gindi na santimita 50 zuwa 60. Irin wannan za ta ci dutse kimanin tan ɗaya a kowace mita, don haka a lissafa kafin a kira mai tifa. In an sauke, a baje duwatsun a rarrabe su: manya kusa da rami, dogaye gefe guda, masu faɗi a ajiye wa sama, ƙanana a tara su tsibi. Wanda ya tsallake wannan zai cinye kyawawan duwatsunsa a ƙasa, ya isa sama ba abin rufewa.

Wajen jeri ne ake gane gwani. Na farko, kowane dutse tsawonsa ya shige cikin katanga, ɗan kansa kawai ake gani a fuska. Sabon hannu yakan yi akasin haka, ya shimfiɗa dutse a tsawon fuska don aiki ya yi sauri kuma ya yi kyan gani. Irin wannan dutsen ba abin da ya riƙe shi, damina biyu sai ya zamo, ya ja na samansa. Na biyu, ɗaya ya hau kan biyu, biyu su hau kan ɗaya. In gaɓoɓi suka haɗu a layi ɗaya daga sama har ƙasa, to an riga an zana wa katangar inda za ta rabe. Dutsen da ke rawa a sa masa ƙaramin dutse ta baya, ba ta fuska ba, don na fuska yakan faɗo.

Katangar fuska biyu gare ta, gaba da baya. Tsakiyarsu ita ce ba a gani, kuma ita ake ha'inci a kai. Ana cika ta da fasassun duwatsu masu kaifi, a jera su da hannu a kowane layi, ba a juye da bokiti ba. Ƙasa ko yashi kada su shiga. Ruwa zai wanke su, ciki ya zama rami, fuskokin biyu su rufta. In mai gona yana son ya gwada aikin da aka yi masa, ya leƙa ta tsakanin duwatsu: in ya hango haske a ɗaya ɓangaren, cikon bai isa ba.

A rabin tsayi ana gitta dogayen duwatsu, ɗaya a kowace mita, su ɗaure gaba da baya. Katangar kuma ba a miƙe take tashi ba, tana tsukewa kaɗan-kaɗan, kamar santimita ɗaya a kowane santimita shida na tsayi. Katako biyu da igiya sun isa a kiyaye wannan. Katangar da ke tare ƙasar gona ta jingina ga tudun, duwatsunta su ɗan sunkuya ciki, a zuba tsakuwa kaurin taƙi ɗaya ko biyu a bayanta.

A sama a ɗora masu nauyi, a matse su sosai. A wajejen Baha da Hada, kusa da Ɗa'ifa, birai ne ke fara ture na sama, awaki su ƙarasa, to kada a sa wanda yaro zai iya ɗagawa da hannu ɗaya. Bayan kowane babban ruwa a zaga a duba inda katangar ta yi ciki. A warware wurin har ƙasa, a sake jera shi da duwatsun nan dai, kuma a cire duk itacen da ya tsiro a jikinta tun saiwarsa ba ta yi kauri ba.