Wa ke sa ido a kan masu gwada mana jini?

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024, wadda ta ce sai an yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da jinotayif kafin a ɗaura aure, takardar lab, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ta zama abin da ke haɗa aure ko ta raba shi. Ni ina goyon bayan dokar nan ɗari bisa ɗari, domin duk wanda ya taɓa ganin yaro mai sikila cikin dare yana kukan ciwon ƙashi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma akwai tambayar da ban cika jin ana yi ba, a gidan biki ko a rediyo: wanda ya sa hannu a takardar nan, wa ya tabbatar ya iya aikin? In kuma ya rubuta AA alhali yarinya AS ce, gaban wa za a kai shi?

Amsar ita ce hukumar da muke kira kansul, wato MLSCN, hukumar da ke kula da aikin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a Najeriya, hedikwatarta na Abuja. Doka mai lamba 11 ta 2003 ce ta kafa ta, ta maye gurbin tsohuwar cibiyar da soja suka kafa da dikiri mai lamba 56 a 1968. Ita ke da rijistar sunayen duk masu aikin lab, ita ke duba makarantun da ke koyar da aikin, ita ke da ikon shiga lab ta duba ta kuma sa kwaɗo in abin bai yi ba, har sinadaran gwaji da ake shigowa da su ƙasar nan dokar ta ba ta hurumi a kansu.

Abin da ke ci min rai shi ne, ko a cikinmu ma'aikatan lab akwai waɗanda har yau ba sa bambance kansul da ƙungiya. AMLSN ƙungiyarmu ce ta masana kimiyyar lab, mu ke zaɓen shugabanninta, ita ke mana faɗan albashi da ƙarin girma da alawus, kuma tana da muhimmanci sosai. Kansul kuwa ba don mu aka kafa ta ba, don mara lafiya aka kafa ta, don tsohuwar da ta hau Adaidaita daga ƙauye da takardar likita a hannu ba ta ma san me aka rubuta a ciki ba. Shi ya sa in na ji abokin aiki yana cewa "kullum sai karɓar kuɗin lasisi, me kansul ta taɓa yi mana", nakan ce masa Malam ai ba wannan ce tambayar ba, ka tambaya me ta yi wa majinyacin da ke zaune a bencin nan yana jiran rizal.

Shiga cikin rijistar nan ba abu ne na dare ɗaya ba. Mai son zama sayantis na lab sai ya yi shekara 5 a jami'a ya samu digirin BMLS, wato digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, kamar yadda ake yi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri, tun yana ɗalibi makarantar za ta tura sunansa kansul a ba shi lamba, ya ci jarrabawar ƙwarewa da kansul ke turo masu sa ido a kanta, a rantsar da shi, sannan ya yi shekara ɗaya ta intanship, wato sanin makamar aiki, a ƙarƙashin manya kafin ya samu cikakkiyar rijista. Akwai teknishiyan da ke yin shekara 3 a makarantun kimiyyar lafiya, akwai kuma mataimaka a ƙasa da su, kowa da iyakar abin da aka yarda ya taɓa. Bayan haka ma ba a gama ba, duk shekara sai an sabunta lasisi, kuma sai ka nuna makin ƙarin ilimi da ka tara daga bita da tarurruka.

Maganar lambar nan ta ɗalibai, iyaye don Allah ku riƙe ta da kyau. Ƙanwar wata abokiyar aikina ta yi shekara uku cur a wata makarantar kuɗi, mahaifinta har gona ya jinginar, aka yi walimar yaye ɗalibai da hotuna da komai, sai da ta zo neman aiki aka ce ina lasisi, ashe kansul ba ta taɓa amincewa da kwas ɗin makarantar ba, sunanta ba ya ko'ina. Na ga yarinyar nan ranar da ta gane, ta zauna a bakin baranda riƙe da satifiket ɗin cikin leda ta kasa cewa komai. Makarantun kimiyyar lafiya sun yi yawa yanzu a arewa, kusan kowane gari ka shiga sai ka ga allo, wasu na ƙwarai ne wasu kuma kasuwa ce kawai, to kafin a biya ko sisi a tambaya ko kansul ta amince da su da kuma ɗalibai nawa ta yarda su ɗauka, domin ko makaranta na da amincewa in ta zarce adadinta, ragowar yaran su ne a ciki.

Bari in ɗan nuna muku yadda kuskure ke shiga gwajin jinotayif, don a gane me ya sa nake ta nanata maganar sa ido. A yawancin lab ɗinmu ana fasa ƙwayoyin jinin ne a ɗiga a kan wata 'yar farar takarda ta musamman, a ɗora ta a cikin ɗan tanki mai ruwan sinadari, a kunna wuta, sai nau'o'in jinin su rabu, A ya yi gaba S ya tsaya a baya, ka ga layi-layi. To dole a gefen jinin majinyaci a ɗiga jinin da aka riga aka san nau'insa, shi ne ma'aunin da za a kwatanta da shi. In ba a sa shi ba saboda tsimi, ko ruwan tankin ya kwana biyu ba a canza ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakar aiki aka ci gaba a haka, layukan sai su cakuɗe, mai karantawa ya yi ta kintace. Ga kuma wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, in ba a tambaye shi ba, jinin wani ne zai bayyana a tare da nasa. AS da AS in suka yi aure, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai sikila. Layi ɗaya da aka karanta ba daidai ba ke nan, gida guda zai yi shekara da shekaru yana sintiri asibiti.

Kansul na da hanyar kama irin wannan, kuma ɗaya daga cikin wuraren aikin a nan kusa da mu yake, a Saye ta Zariya, inda lab ɗin auna ingancin gwaji na ƙasa yake. Sukan aiko wa lab samfurin da su sun san amsarsa, kai ba ka sani ba, ka gwada ka mayar musu, su faɗa maka ko ka dace. Akwai wani lab ɗin nasu a Yaba ta Legas da ke tantance kayan gwajin da ake sayarwa. Abubuwa ne masu kyau wallahi, sai dai ƙananan lab na lungu da saƙo, waɗanda su talaka ke zuwa, nawa ne suka shiga tsarin?

Nan ne maganar shugabanci ke shigowa, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Kansul na da rijistara, shi ne shugaban ma'aikata mai tafiyar da ofis kullum, amma a samansa doka ta ɗora majalisar gudanarwa, wadda shugaban ƙasa ke naɗa ciyaman ɗinta bisa shawarar ministan lafiya, da wakilai daga shiyyoyi shida na ƙasar nan, da na ƙungiya, da na ma'aikatar lafiya. Dokar ta kuma tanadi kwamitin bincike da kwamitin ladabtarwa, masu sauraron ƙara in an zargi ma'aikaci da sakaci ko ha'inci har a iya cire sunansa daga rijista. To matsalar ita ce duk sanda aka yi sabuwar gwamnati sai a rushe majalisun gudanarwa na hukumomin tarayya a dunƙule, Buhari ya yi a Yulin 2015, Tinubu ma ya yi a Yunin 2023, kuma naɗa sababbi kan ɗauki lokaci mai tsawo. A tsakanin nan ofis na buɗe, ana karɓar kuɗin lasisi, ana rantsar da ɗalibai, amma manyan hukunce-hukunce sai su tsaya cak ko su koma jiran sa hannun minista.

Ni a ganina wannan ba daidai ba ne sam. Hukumar da ke yanke wanda ya cancanci taɓa jinin mutane bai kamata a sa ta a kwando ɗaya da kujerun da ake raba wa 'yan jam'iyya bayan zaɓe ba. Wa'adi ne doka ta ba 'yan majalisar gudanarwar, a bar su su cika shi, kuma kafin ya ƙare a shirya masu gadonsu. Sannan wakilan shiyya, musamman namu na arewa maso yamma da arewa maso gabas, mu san su waye, ta yaya aka fito da su, kuma su dawo su gaya mana abin da aka tattauna. Da yawa daga cikinmu ba za su iya faɗin sunan wanda ya taɓa wakiltar shiyyarsu ba, kuma wannan laifinmu ne da nasu gaba ɗaya. Zan ma ƙara da cewa ina son a ji muryar majinyata sosai a teburin nan, misali ƙungiyoyin masu sikila, domin in 'yan sana'a ne kaɗai ke hukunta 'yan sana'a, kara da zumunci na iya shiga.

Na san wani zai ce ai babbar matsalarmu rikicin da ke tsakaninmu da likitocin fatoloji, masu gano cuta ta hanyar gwaji, ne kan wa zai shugabanci lab a asibiti, rikicin da ya sha zuwa kotun ma'aikata. E, yana nan, kuma ina da ra'ayina a kai. Amma ƙarfin da muke zubawa a can, da mun zuba ko rabinsa wajen korar 'yan bogi da ke gwajin taifot a bayan kemis suna ba kowa rizal iri ɗaya, da hujjarmu ta fi ƙarfi a gaban kowa.

Ga 'yan uwana ma'aikata, ku sabunta lasisi ku rataya shi inda za a gani, kada ku ba wani aron takardarku ya buɗe lab ku kuna wani gari, domin duk abin da ya fito daga can da sunanku ya fito. Ga masu shirin aure da iyayensu kuma, ku tambayi lasisin wanda zai yi gwajin da takardar rijistar wurin, haƙƙinku ne kuma ma'aikacin ƙwarai ba zai ji haushi ba, sannan gwajin jinotayif a yi shi a wuri biyu daban-daban tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, in rizal ɗin ya saɓa a je babban asibiti a sake.