Filin jirgin da ba shi da hasumiya

Ɗan yayata ne ya matsa. Tun da ya samu lasisin tuƙin ƙaramin jirgi ba shi da wata hira sai ta sama. Da na kai masa ziyara a Raleigh, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya ce, "Kawu, ran Asabar ba mota za mu hau ba." Ya yo hayar Cessna 172 mai kujera huɗu, wanda cikinsa bai kai na tasi faɗi ba. Kafin mu shiga ya zagaye jirgin, ya tsiyayo mai daga ƙarƙashin fuffuke a wani ɗan kofi, ya ɗaga wa rana. Man shuɗi ne. Wai in ruwa ya shiga tanki, a gindin kofin zai kwanta. Ni dai addu'ar hawa abin hawa sau biyu na karanta ta.

Muka nausa gabas. Gonaki suka ƙare, daji mai fadama ya karɓa, daga nan sai ruwa iya ganinka. Bayan kamar awa ɗaya da rabi tsibirin Roanoke ya bayyana, da filin jirgin ƙaramar hukumar Dare a gefen garin Manteo.

A nan hankalina ya tashi. Na duba ban ga hasumiya ba, na ce, "To wa zai ba mu izinin sauka?" Ya yi dariya ya ce ba kowa. Ya danna rediyo ya faɗi ko shi wane ne, inda yake, da hanyar da zai sauka a kanta. Can sai muryar wani matuƙi ta amsa cewa ya hango mu, zai biyo bayanmu. Shi ke nan fa. Kowa ya faɗi inda yake, kowa ya buɗe idonsa, kamar masu kekuna a mararrabar ƙauye. Na saba da filin jirgin Malam Aminu Kano, inda sai ka nuna tikiti da fasfo, jaka ta bi ta na'ura. A nan muka sauka, muka ɗaure jirgin da igiya uku kamar akuya a turke, muka shiga ofis aka gaishe mu.

Irin waɗannan filaye sun yi yawa a Amurka. Cikin kusan 5,000 da kowa ke iya amfani da su, kimanin 500 ne kawai jiragen fasinja ke zuwa. Sauran na masu koyo ne, da masu feshin gona, da masu ɗaukar marasa lafiya, da masu yawon ran Asabar irinmu.

A cikin ginin akwai ɗan ɗakin tarihi. Sojojin ruwan Amurka sun yi amfani da filin a Yaƙin Duniya na Biyu, domin a 1942 jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun nutsar da jiragen ruwa da dama a wannan gaɓa. Na daɗe ina kallon hotunan fararen hular da suka riƙa sintiri a kan teku cikin jiragen da ba su fi namu girma ba.

Da hantsi muka sake tashi, 'yan mintoci kaɗan muka sauka a Kill Devil Hills, kusa da filin rairayin da Orville da Wilbur Wright, masu gyaran keke daga Dayton, suka yi tashin farko a tarihi da jirgin sama mai inji ranar 17 ga Disamba, 1903. An kafa duwatsu a inda kowane tashi ya ƙare. Na farko ƙafa 120 ne cikin daƙiƙa 12. Na cire hula don iska tana neman ƙwace ta, na taka daga inda suka tashi zuwa dutsen farko ina ƙirge. Taku hamsin da ɗaya. Yaron yana can yana kira, wai girgije ya fara haɗuwa ta yamma, mu koma.